Lambar girma ga wanda ya kusanto da Faransawa da Yahudawa: me ake karramawa, kuma wa ya cancanta?

Ɗan Damagaram

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Akwai tambayar da ta kwana biyu tana ci mini tuwo a ƙwarya, na ga kuma nan ne ya dace in kawo ta, tun da akwai malaman tarihi a cikinmu, akwai kuma waɗanda suka zauna a Faransa. A shekarar 2008 gwamnatin Faransa ta ba wani limamin cocin Katolika, Fada Patrick Desbois, lambar Légion d'honneur, wadda ita ce babbar lambar girma ta ƙasar tun da Napoleon ya ƙirƙiro ta a 1802. Ƙungiyoyin Yahudawa a Amurka sun karrama shi, wasu jami'o'in Isra'ila kuma sun ba shi digirin girmamawa. Ana yawan gabatar da shi a matsayin mutumin da ya ƙulla zumunci tsakanin Faransawa da Yahudawa. Amma abin da na ji game da aikinsa shi ne yana bin ƙauyukan Yukren yana tono kaburburan Yahudawan da sojojin Nazi suka harbe a Yaƙin Duniya na Biyu. Mu dai a wajenmu idan za a sasanta mutane, dattawa cewa suke yi a bar tone-tone, abin da ya wuce ya wuce. To ta yaya fama tsohon miki zai zama gina zumunci? Tambaya ta biyu kuma, irin waɗannan lambobin, wanda ya cancanta ake ba, ko wanda ke kusa da fada?

Malamin Tarihi, Samaru

Wa alaikumus salam. Malam Ɗan Damagaram, kafin a shiga tambayarka ina son in ɗan gyara yadda aka jera kalmomin, domin a can Faransa wannan magana tana da nauyi. Idan aka ce "Faransawa da Yahudawa", sai a ɗauka al'ummomi biyu ne mabambanta, alhali Yahudawan Faransa Faransawa ne. Tun ranar 27 ga Satumba 1791 majalisar juyin juya hali ta ba su cikakken 'yancin zama 'yan ƙasa, kuma Faransa na cikin ƙasashen Turai na farko da suka yi haka. A yau yawansu ya haura 400,000, babu ƙasar Turai da ta kai ta, a duniya ma sai Isra'ila da Amurka ne ke gabanta. A watan Oktoba na 1980, da aka tayar da bam a ƙofar majami'ar Yahudawa da ke titin Copernic a birnin Paris, mutum huɗu suka mutu, firaminista Raymond Barre ya yi magana a talabijin yana nuna cewa an nufi Yahudawa ne amma abin ya faɗa kan Faransawan da ba su ji ba ba su gani ba. Har ya bar duniya ba a daina tuna masa wannan furuci ba, saboda ya fitar da Yahudawa daga cikin Faransawa, ya kuma fitar da su daga cikin marasa laifi. Saboda haka zumuncin da ake magana a kansa na 'yan gida ɗaya ne da aka ci amanar wani ɓangare nasu, ba na baƙo da mai masauki ba.

Hajiya Uwar Marayu

Wannan gyara ya yi, Malam. Ni ma na daɗe ina ɗauka duk Bayahuden da ke Faransa ɗan Isra'ila ne da ya je ci-rani. Allah ya ƙara sani.

Bulus na Wusasa

Ina gaishe da kowa. Ni Kirista ne, kuma na daɗe ina bin labarin Fada Desbois, don haka bari in gyara abu ɗaya. Ba tono kaburbura yake yi ba, domin shari'ar Yahudawa ta hana a taɓa ƙasusuwan mamaci. Sau ɗaya na san an buɗe ramuka, a garin Busk a 2006, shi ma da malaman Yahudawa a tsaye, ba a ɗaga ƙashi ko ɗaya ba, aka sake rufewa. Ainihin aikinsa sauraro ne. Yakan shiga ƙauye da tafinta da mai ɗaukar hoto, ya nemi tsofaffin da suke yara a 1941 da 1942, ya tambaye su abin da suka gani, sannan a gwada maganarsu da takardun Jamus da na Tarayyar Sobiyet.

Asalin abin daga gidansu ne. Kakansa sojan Faransa ne da Jamusawa suka tsare a sansanin Rawa-Ruska da ke Yukren, kuma duk lokacin da jikan ya tambaye shi wahalar da suka sha, sai ya nuna masa cewa ta waɗanda ke wajen sansanin ta fi tasu muni, bai ƙara komai a kai ba. Sai da ya girma ya gane Yahudawan garin kakan yake nufi. Da ya je wurin da kansa ya tambayi inda aka binne su, da farko cewa aka yi ba a sani ba. A 2004 ya kafa ƙungiyar Yahad-In Unum, sunan da ya haɗa kalmar Ibrananci da ta Latin, dukansu suna nufin haɗuwa wuri ɗaya. Zuwa yanzu sun ɗauki shaidar dubban mutane, sun kuma gano wuraren kisa fiye da 2,000. 'Yan'uwanmu na Nijar za su so su ji cewa kafin ya zama fada ya koyar da lissafi a Burkina Faso.

Game da tambayarka, Malam Ɗan Damagaram, ka ɗauka mutum ya yi shekara sittin bai san inda aka jefa gawar mahaifiyarsa ba, sai wani wanda ba danginsa ba, ba kuma addininsu ɗaya ba, ya bi sawu har ya nuna masa wurin. Wace walima ce za ta kai wannan ƙulla zumunci?

Ɗan Konni

Ban ƙi abin da Malam Bulus ya faɗa ba, kuma ba ni da ja a kan cancantar wannan bawan Allah. Abin da ke damuna ita ce hannun da ya maƙala masa lambar. Ni ɗan Birnin Konni ne. A 1899 ayarin sojan Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ya ratsa ƙasarmu yana ƙone garuruwa, ya yaƙi Sarauniya Mangu a Lugu, ya yi wa Konni kisan da har yau tsofaffi ke ba da labarinsa kamar yadda suka ji daga iyayensu. Da gwamnatinsu ta aiko Kanar Klobb ya dakatar da su, harbe shi suka yi a kusa da Dankori ranar 14 ga Yuli, kwanaki kaɗan bayan haka sojojinsu suka kashe su su ma, kaburburansu suna nan a Maijirgi. A Paris abin da ya fi tayar da hankali shi ne an kashe hafsan Faransa, ba dubban mutanenmu ba. To ƙasar da ke ba da lamba ga mai nemo ramukan Yukren, yaushe za ta aiko wanda zai tambayi inda aka zuba na Konni? Laifi tudu ne, in ji masu iya magana. Ramukan Yukren Jamusawa suka haƙa, saboda haka karrama mai neman su bai ci wa Faransa komai ba.

Abu Sumayya

Ni kuma zan faɗi abin da na san mutane da yawa suna riƙe da shi a zuci ba su rubuta ba. Muna kallon abin da ake yi wa Falasɗinawa a Gaza, yara da mata a ƙarƙashin ɓaraguzai, sannan a ce mu zauna muna tattauna wanda aka ba lamba don abota da Yahudawa. Zuciyata ba ta karɓi wannan ba, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Malama Mai Allo

Ɗan'uwa Abu Sumayya, ciwon Gaza yana zuciyata kamar yadda yake a taka, ba kuma zan ce ka rage shi ko da ƙwayar zarra ba. Sai dai ina roƙonka ka duba su waye ke cikin ramukan da ake magana. A Babi Yar kaɗai, a gefen birnin Kiev, an harbe mutum 33,771 cikin kwana biyu a ƙarshen Satumban 1941, shekara bakwai kafin a kafa ƙasar Isra'ila. Jaririn da aka harbe a bayan uwarsa a wannan rana bai ƙwace gonar kowa ba. Allah ya hore mu a cikin Suratul Ma'ida da kada ƙiyayyar wasu mutane ta sa mu bar adalci, kuma ya inganta cewa an wuce da gawar Bayahude Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya miƙe tsaye, da aka ce masa ai Bayahude ne, ya ce shin ba rai ba ne? Gwamnatin Isra'ila daban, tsohuwar da ke sayen burodi a Marseille daban. Mu da muke kuka idan an yi mana kuɗin goro da Boko Haram a filayen jirgin sama, mu ne ya kamata mu fi kowa gudun yi wa wasu.

Abu Sumayya

Na ji, Malama, kuma hadisin ba abin musu ba ne. Ban ce a zalunci kowa ba. Amma ina nan a kan cewa ana amfani da tunawa da wancan kisan wajen rufe bakin masu magana a kan wannan, kuma hukumomin Faransa sun sha hana zanga-zangar goyon bayan Falasɗinawa. Wannan ne ya sa nake duban lambobin da ido biyu.

Mazaunin Montreuil

Shekarata goma sha ɗaya a gefen Paris, kuma unguwarmu cike take da 'yan Mali, don haka bari in kawo wanda aka karrama wanda ya fi kusa da mu. Ranar Juma'a 9 ga Janairu 2015, wani ɗan bindiga, Amedy Coulibaly, ya shiga kantin Hyper Cacher da ke Porte de Vincennes, inda Yahudawa ke sayen abincin da ya halatta a addininsu, ya kashe mutum huɗu, ya yi garkuwa da sauran. Akwai ma'aikacin kantin, Lassana Bathily, Musulmi ɗan yankin Kayes a Mali, mai shekara 24, yana ƙasa a ma'ajiyar kaya lokacin da mutane suka gangaro a guje. Ya shigar da wasu ɗakin sanyi, ya kashe injin da wutar, shi kuma ya fita ta na'urar ɗaga kaya. Da ya fito 'yan sanda suka sa masa ankwa suna zaton abokin maharin ne, sai daga baya suka saurare shi, ya zayyana musu yadda kantin yake ciki. Ranar 20 ga watan aka ba shi takardar zama ɗan ƙasa a gaban firaminista Manuel Valls, daga baya Cibiyar Simon Wiesenthal, wata ƙungiyar Yahudawa mai kare haƙƙin ɗan Adam, ta ba shi lambar jarunta a Amurka.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne iyayen maharin ma 'yan Mali ne. Ƙasa ɗaya, addini ɗaya a baki, amma ɗaya ya shigo da bindiga, ɗaya ya buɗe ƙofa. Ni kaina na yi shekara biyu ina sauke kaya a shagon wani dattijo Bayahude da iyayensa suka zo daga Tunisiya. Idan lokacin salla ya yi shi yake tuna mini, ni kuma ranar Asabar, da yake ba ya taɓa wuta, nakan leƙa gidansa idan wani abu ya lalace. Da ya rasu na je jana'izarsa. Babu wanda ya ba mu lamba, ba mu kuma nema ba, amma idan ana maganar zumunci wannan nake fara tunawa, domin zumunta a ƙafa take.

Ɗan Damagaram

Na gode wa kowa, musamman Malam Bulus da ya gyara mini batun tono. Amma ina ganin an bar tambayata ta biyu a baya, kuma maganar Ɗan Konni ta ƙara mata nauyi. Idan Jamusawa ne suka yi kisan, me ya sa ake cewa an ci amanar Yahudawa a cikin Faransa? Mene ne laifin Faransawa da har ake bukatar sasantawa?

Malamin Tarihi, Samaru

Laifin yana da girma, kuma nan ne nake ganin Ɗan Konni bai cika adalci ba da ya ce abin bai ci wa Faransa komai ba. Gwamnatin Vichy ta Marshal Pétain, wadda ta riƙe Faransa lokacin mamayar Jamus, ta kafa dokar ware Yahudawa a Oktoban 1940 ba tare da Jamusawa sun tilasta mata ba. Ranakun 16 da 17 ga Yuli 1942, 'yan sandan Faransa ne, ba sojan Jamus ba, suka bi gida-gida a Paris suka kama mutum 13,152, fiye da 4,000 daga ciki yara, aka tsare iyalai a filin tseren keke na Vél d'Hiv. Gaba ɗaya an kwashi Yahudawa kusan 76,000 daga Faransa zuwa sansanonin mutuwa, waɗanda suka dawo ba su fi 'yan dubbai kaɗan ba. Shekara hamsin shugabannin ƙasar, har da Mitterrand, suna cewa Vichy ba Jamhuriya ba ce, don haka ba su da abin neman gafara. Sai ranar 16 ga Yuli 1995 shugaban ƙasa Jacques Chirac ya tsaya ya amsa cewa ƙasar Faransa ce ta aikata. Bayan shekara biyu, a Satumban 1997, bishop-bishop na Katolika suka je Drancy, inda aka riƙa tara mutane kafin a loda su a jirgin ƙasa, suka nemi gafarar shirun da cocin ya yi.

Ita kuwa lambar, tarihinta ya isa ya amsa maka. Kyaftin Alfred Dreyfus, hafsa Bayahude da aka yi wa ƙazafin cin amanar ƙasa a 1894 aka kai shi kurkukun wani tsibiri a gaɓar Guyana ta Faransa, da aka wanke shi a 1906 wannan lambar aka ba shi. Maurice Papon, jami'in da ya sa hannu aka kwashi Yahudawa fiye da 1,500 daga yankin Bordeaux, wanda kuma shi ne shugaban 'yan sandan Paris ranar 17 ga Oktoba 1961 da aka kashe 'yan Aljeriya masu zanga-zanga, shi ma ya riƙe ta shekaru masu yawa, har ya yi minista, ba a karɓe ta ba sai bayan da kotu ta ɗaure shi a 1998. Lamba ɗaya ta sauka a ƙirjin wanda aka zalunta da na azzalumi. Ni a ganina ba ta shaidar kowa, aikin mutum ne yake shaidar ta. Ɗan Konni kuma, ga wani abu da zai ba ka sha'awa: mahaifin Chanoine ɗin da ya ƙone garinku janar ne da ya riƙe ma'aikatar yaƙi a 1898, yana cikin waɗanda suka tsaya kai da fata kada a sake duba shari'ar Dreyfus.

Ɗan Konni

Wallahi ban san wannan ba, Malam. Ashe gida ɗaya ne ya cuce mu ya cuce su. Na janye cewa bai ci musu komai ba, amma ban janye tambayata ba.

Bulus na Wusasa

Ina son in ƙara da cewa ba daga Fada Desbois abin ya fara ba, kuma wanda ya fara miƙa hannu Bayahude ne, shi da aka zalunta. Jules Isaac malamin tarihi ne da yaran Faransa suka daɗe suna karanta littattafansa a makaranta. An kama matarsa da 'yarsa a 1943 aka kashe su a sansanin mutuwa na Auschwitz. Maimakon ya juya wa Kiristoci baya, sai ya zauna ya binciki yadda wa'azin coci na ƙarnuka ya shuka raina Yahudawa a zukatan mutane, ya halarci taron Seelisberg a Suwizalan a 1947, a 1948 kuma shi da wasu suka kafa ƙungiyar abota ta Yahudawa da Kiristoci ta Faransa, wadda har yau take ba da lambar yabo duk shekara. A watan Yuni na 1960, yana da shekara fiye da tamanin, ya je ya ga Fafaroma John na 23. Ya rasu a 1963, bai ga sanarwar Nostra Aetate ta 1965 ba, wadda a cikinta cocin Katolika ya yi watsi da ɗora wa Yahudawa gaba ɗaya alhakin mutuwar Almasihu. A cikin wannan sanarwar dai akwai sashen da ya yi magana a kan Musulmi da girmamawa, abin da mutane da yawa a nan ba su sani ba. A matsayina na Kirista ba na jin daɗin karanta abin da Isaac ya tono, amma gaskiya ya faɗa.

Likitan Ƙauye

Ni waɗanda suka fi burge ni su ne waɗanda ba su ɗauki abin da suka yi a bakin komai ba. Akwai ƙauyen Le Chambon-sur-Lignon a kan tsaunukan kudancin Faransa, manoma ne 'yan Furotesta waɗanda kakanninsu suka sha tsangwama saboda addini. Ƙarƙashin Fasto André Trocmé da matarsa Magda, su da ƙauyukan kewaye suka ɓoye dubban mutane a gonaki da makarantu, yawancinsu Yahudawa. Cibiyar Yad Vashem da ke Ƙudus, mai tunawa da Yahudawan da 'yan Nazi suka kashe, ta karrama faston a 1971, daga baya ta karrama yankin baki ɗaya. A jikin lambar da take bayarwa an rubuta maganar malaman Yahudawa cewa wanda ya ceci rai ɗaya kamar ya ceci duniya ne, kuma duk wanda ya yi karatun allo ya san inda ya taɓa jin irin wannan. Kashi uku cikin huɗu na Yahudawan Faransa sun tsira daga yaƙin, kuma irin waɗannan mutane na cikin dalilan. Faransawan da aka rubuta sunansu a wannan rajista sun haura 4,000, a Janairun 2007 kuma Chirac da Simone Veil, wadda ita kanta ta fito daga Auschwitz, suka karrama su a Panthéon, makwancin gwarzayen Faransa da ke Paris. Da yawansu sun mutu kafin a zo neman su.

Hajiya Uwar Marayu

'Ya'yana, kun ambaci maza da yawa, bari in ambaci uwa. Latifa Ibn Ziaten 'yar asalin Maroko ce. Ɗanta Imad sojan Faransa ne, shi ne na farko da wani ɗan bindiga, Mohamed Merah, ya harbe a Toulouse ranar 11 ga Maris 2012, bayan kwana takwas kuma Merah ya je makarantar Yahudawa ta Ozar Hatorah ya kashe malami da yara uku. Wannan baiwar Allah ta je har unguwar da wanda ya kashe ɗanta ya tashi, ta ji yara suna kiransa gwarzo, ta gaya musu ita ce uwar wanda ya kashe. Tun daga nan take yawo makarantu da gidajen yari da ɗankwalinta a ka, tana kuma tsayawa tare da iyayen yaran Yahudawan a wajen tunawa da su. Faransa ta ba ta Légion d'honneur, a 2021 kuma ta samu lambar Zayed ta 'yan'uwantakar ɗan Adam a Abu Dhabi. Ni da na binne ɗa na san babu lambar da ke cike wannan gurbi. Amma lambar ta sa ana buɗe mata ƙofar makarantun da da ba za a buɗe ba, wannan kuwa amfani ne.

Injiniya Mai Shakka

Ina girmama duk waɗanda aka ambata, sai dai ina son mu auna da sakamako. A cikin Yahudawan Faransa, an sace Ilan Halimi aka azabtar da shi har ya mutu a 2006. An kashe Sarah Halimi a gidanta a 2017. An kashe Mireille Knoll a 2018, tsohuwa mai shekara 85 wadda ta tsallake kamun 1942 tana yarinya. A 2015 kaɗai Yahudawa fiye da 7,000 suka bar Faransa zuwa Isra'ila. Makarantunsu da wuraren ibadarsu sai da gadin 'yan sanda ko soja. Idan bayan shekara saba'in ana ƙungiyoyi ana raba lambobi haka abin yake, ina jin tsoron zumuncin na manya ne a ɗakunan taro, bai sauko kan titi ba.

Mazaunin Montreuil

Injiniya, gaskiya ka faɗa a kan tsoron, ina ganinsa da idona, akwai maƙwabtan da suka cire alamar addininsu daga bakin ƙofa. Amma akwai masu saukowa titin. Wani malamin Yahudawa, Michel Serfaty, ya kafa ƙungiyar abota ta Yahudawa da Musulmi a 2004, ya riƙa shiga unguwannin talakawa da motar bas tare da matasa Musulmi, suna tsayawa a bakin kasuwa suna sauraron har masu zaginsu. Ban san yadda za a ƙirga fitinar da ba ta tashi ba saboda irin wannan aiki.

Malama Mai Allo

Abin da Hajiya ta faɗa game da buɗe ƙofa mun gan shi a gida. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye na Kaduna, waɗanda suka yaƙi juna a rikicin 1992, faston ya rasa hannu, imamin ya rasa malaminsa da 'yan'uwa, gidauniyar Chirac ce ta ba su lambarta ta farko ta rigakafin rikici a Paris a 2009. Su ma ba da mantuwa suka fara ba, sai da kowa ya faɗi abin da ya aikata da abin da aka yi masa. Ina ganin dattawanmu da ke cewa a bar tone-tone suna faɗar haka ne bayan an zauna an baje magana a gaban mai gari, mai laifi ya amsa. Mu ne muka riƙe rabin maganar muka yar da rabi.

Ɗan Damagaram

Malama, wannan ya shige ni, ko da yake har yanzu ina tare da Injiniya a kan cewa sakamakon bai kai yawan lambobin ba, kuma damuwar Abu Sumayya ba a warware ta ba.

Ɗan Konni

Na kwana ina tunanin hanyar aikin Fada Desbois da Malam Bulus ya bayyana. Na ji ma ya kai irin wannan bincike Iraƙi a kan kisan da aka yi wa Yazidawa, mabiya wani ƙaramin addini a can, a 2014, wato bai tsaya ga mutane ɗaya ba. Faransa ta yi shekara 53 kafin ta amsa laifin Vél d'Hiv, ta yi shekara 80 kafin Macron ya kira abin da aka yi wa sojojin Afirka a Thiaroye ta Senegal a Disambar 1944 da sunan kisan kiyashi. Namu ya haura shekara 125, waɗanda suka gani da ido duk sun tafi, saura waɗanda suka ji daga bakinsu, su ma suna ƙarewa. Akwai wata gwaggon mahaifina da ta haura tamanin, tana iya nuna wurin da kakarta ta ce an zuba gawarwaki. Idan na je gida hutun nan zan zauna da ita da wayata in ɗauki maganarta. Malamin Tarihi, idan kana da masaniya a kan irin tambayoyin da ya kamata a fara da su, da yadda ake rubuta rana da wuri da sunan mai ba da shaida domin masu bincike su karɓa, ina roƙo ka turo mini kafin ƙarshen wata.